Lissafin Hannu Da Lissafin Allo A Ƙasar Katsina

Akwai wata magana da a kan ji a bakin manyan da suka shiga ajin yaƙi da jahilci, su ce karatu da rubutu sun samu, amma lissafi ya gagare su, wai kansu ba na lissafi ba ne. Mai faɗin haka kuwa sau da yawa manomi ne wanda in ya tsaya a bakin gonarsa a Musawa ya dubi dawa, ya kan faɗi dami nawa za ta yi tun ba a yanke ta ba, in ma ya kuskure sai kaɗan. Ko kuwa mace ce mai ƙuli-ƙuli a cikin gida, wadda ta ke da yara uku masu talla, kowa ta san abin da ta ƙirga masa da abin da zai komo da shi, ba a taɓa cin ta da ko anini ba. To, ashe lissafi bai gagare su ba, hanyar da aka bi aka kawo musu shi a aji ita ce ta gagara. Wannan hanya kuwa tana da tarihi, ya kamata wanda ya ke da ɗa a makaranta ya san shi.

Tun kafin a san alli da baƙin allo a ƙasar nan, makarantar lissafi ta mutanen Hausa kasuwa ce, littafinta kuwa wuri. Wani Bature matafiyi, mutumin Jamus, wanda a ke kira Barth, a nan kuwa aka san shi da Abdulkarim, ya ratso Tasawa da Katsina da Kano a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana ƙirgar kuɗi. A ƙasar Hausa ba a shiga wuri a zare kamar yadda a ke yi a bakin teku, warwatse a ke zuba shi, saboda haka dole a ƙirga. Mai ƙirga ya kan zauna ya riƙa jan wuri biyar biyar da yatsunsa. Biyar sau huɗu ta zama hauya, watau 20. Hauya goma ta zama tsibi guda na 200, a ture shi gefe, a koma wani. Tsibi biyar 1,000 ke nan. In aka kai 20,000 sai a ɗura a keso, a ɗaure. A Tasawa sai da ya ga an ƙirga wuri 500,000 a zama guda, mutum biyar ko shida suna taya juna, har shi kansa ya yi mamakin wannan aiki. A lokacin nan a Kano wuri kamar 2,500 ke sayen riyal guda na azurfa, saboda haka ko ƙaramin ciniki sai an yi ƙirga mai yawa.

Mai karatu ya lura da abu biyu a nan, don za mu sake gamuwa da su. Na fari, hannu ke yin lissafin, ido na gani. Yaron da ya ke zaune kusa da ubangidansa ba a ce masa ya haddace biyar sau huɗu ashirin, yatsunsa ne suka ja biyar har sau huɗu, ya ga hauya ta tashi a gabansa. Na biyu, ba mutum ɗaya ke yi ba, ba kuma taron jama'a ba, 'yan mutane ne kaɗan a kan tabarma guda, kowa yana ganin hannun ɗan'uwansa, wanda ya yi kure a gyara masa nan take.

Har harshenmu ma ya riƙe alamar wannan zamani. Dā a kan ce gomiya biyu, gomiya uku, kafin ashirin da talatin na Larabci su danne su, wannan kuwa ya fi nuna wa yaro cewa talatin goma ce har uku. Tsofaffi kuma su kan ce ashirin ba ɗaya maimakon goma sha tara, ko ɗari ba biyu. Wanda ya tashi da irin wannan magana ya riga ya fara ɗebewa tun bai san sunanta ba.

A ƙauye kuwa, inda wuri ba shi da yawa, gona ita ce ta ɗauki wannan aiki. Da kaka, in an ɗaure dawa ko gero, mai gona ya kan jera damuna, ya ƙirga tara ya fid da na goma don zakka, gama abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ke kansa in ya kai nisabi, abin da aka sha wahalar ban-ruwa kuwa rabin haka. Yaran gida ne ke ɗaukar damunan, su ke kai na zakka gefe. Da rani kuma ga dara a gindin bishiya: gurbi 30, biyar a tsaye shida a kwance, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wani da tsinke wani da tsakuwa. Makarantar allo ita ma, ko da ya ke ba lissafi a ke zuwa koyo ba, ta ba da nata. Almajiri ya san izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, ya kuma san inda ya ke da abin da ya rage masa. Ban da haka ita ce ta nuna yadda malami ɗaya zai riƙe yara masu yawa: ba shekaru a ke dubawa ba, inda allon yaro ya kai a ke dubawa, gardi ya zauna da 'yan ƙanana kaɗan yana biya musu, kowa a kan nasa karatu.

Kada kuma a zaci lissafin ƙasar nan ya tsaya ga kasuwa da gona. Malaman da ke rabon gado sun san rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, su kan nemi adadin da zai rabu ga magada duka ba tare da saura ba. A cikinsu akwai wanda sunansa ya kai nesa, shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine, wanda Larabawa ke kira al-Kishnawi. Ya yi karatu a Katsina, ya tafi hajji wajen 1730, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda a ke gina hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi dai gidaje ne da a ke zuba adadi a ciki, yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za a samu. Mutane sun fi saninsa a laya, amma gininsa lissafi ne zalla. Wanda ya ke so ya gwada, ya haƙa gurbi tara a ƙasa, uku uku, ya samo tsakuwa 45, ya raba su yadda wani gurbi zai sami ɗaya, wani biyu, har zuwa tara, kowane layi kuma ya tashi 15. In ya rasa ta inda zai fara, ya sa biyar a tsakiya. Yara huɗu za su iya wuni a kan wannan, su yi tarawa fiye da ɗari ba su san sun yi ba.

Da Turawa suka zo, sai lissafi ya tashi daga tabarma ya hau takarda, dalili kuwa haraji. Mulkin En'e yana bukatar wanda zai rubuta sunayen masu biya, ya ƙirga shanu don jangali, ya tara jimla ta dace da abin da aka kai Baitulmali. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ana koyar da karatun boko da lissafi da Hausa, da sana'o'in hannu a gefe. A ƙasar Kano a wannan zamani aka yi malaman taki, masu auna gona da ƙafa, su taka tsawo su taka faɗi, su buga wannan sau wancan a sa haraji. A Katsina kuwa, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka kafa Kwalejin Horon Malamai a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, daga nan malamai suka bazu cikin lardunan Arewa. Makarantun elementare na gundumomi shekara huɗu a ke yi a cikinsu, da Hausa, wanda ya yi ƙoƙari ya wuce midil.

Abin da ya fi ba ɗan elementare wuya shi ne sabon kuɗi. Anini goma kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam, ga toro da sisi da fataka a tsakani. Mutanen kasuwa ba su daɗe ba suka daidaita shi da abin da suka sani. Rabin kwabo suka kira shi ɗari, don an ƙiyasta shi da wuri 100. A bisa wannan ƙiyasi kwabo ya zama tsibin nan na 200, anini kuwa hauya guda, ko da ya ke farashin ya kan bambanta daga gari zuwa gari. Watau su a hannu suka karɓi sabon kuɗi, suka auna shi da tsohon. Amma yaro a aji a kan allo ya gamu da shi, layi uku, na fam da na sule da na kwabo, a ce masa a wannan layi in ka kai 12 ka ɗauka, a wancan sai ka kai 20. Malami mai dabara ya kan sa yara su zo da tsakuwa ko ƙwallon dabino ko tsinken kara a aji ɗaya, su ƙirga da su. Da an wuce nan sai a ajiye su, a ce wasan yara ne, a koma waƙar sau, aji duka da murya ɗaya, biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu, bulala tana jiran wanda ya yi tuntuɓe. Ba na rena waƙar sau, gama akawun da bai haddace ta ba ya sha wuya. Aibinta guda ne: a cikin murya arba'in ba a jin wanda ya ke motsa baki kawai.

A kudancin ƙasar Katsina wannan al'amari ya shafi aljihu. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, sai auduga ta zama ita ce kuɗin haraji da na aure ga manoman wannan yanki, har da na Musawa. Auduga kuwa a kan sikeli a ke sayenta, da laba. A ce mutum ya kawo laba 56, ana saye sisi sisi. Kwabo 336 ke nan, watau sule 28, watau fam guda da sule takwas. Manomin da zai ƙirga wuri dubu ba kure, ga shi tsaye gaban sikeli bai san abin da allura ta nuna ba, bai kuma san abin da aka rubuta a takarda ba, sai abin da ɗan baranda ya faɗa masa. Wannan yana cikin abin da ya sa da aka tashi Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950 ba a tsaya ga karatu da rubutu ba, aka haɗa da lissafi. Hukumar NORLA a Zariya, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, ta Katsina ita ce Himma. Sai dai a ajin manya ma allo aka fi dogara da shi, aka manta mutumin nan da lissafinsa ya zo, alama kaɗai ya rasa.

Bayan samun mulkin kai sai gyara ya riƙa zuwa daga waje, kashi kashi. A 1962 masana daga Amurka da Ingila da ƙasashen Afirka suka taru a Entebbe ta Uganda, suka fara rubuta littattafan abin da aka kira sabon lissafi. Nufinsu yaro ya fahimci dalili, ya fara da tarin abubuwa kafin ya ga lamba. Nufin ya yi kyau, amma an cika shi da sababbin kalmomi da alamu waɗanda malamin ƙauye bai taɓa gani ba, uba kuma ba shi da ikon taimakon ɗansa. A farkon 1977 Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke shi.

Wanda ya fi dacewa da mu a ganina shi ne wani shiri da Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gudanar tun daga farkon shekarun 1970, da taimakon UNICEF da UNESCO, don kyautata makarantun firamare a jihohi shida na Arewa. Katsina a lokacin tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya tare da Zariya. A wannan shiri a kan raba yara ƙungiya ƙungiya, a ba su abin taɓawa wanda a ke samu a gari, a koyar da Hausa a azuzuwan farko inda Hausa ce harshen gari. Abin da ya fi muhimmanci kuma, an sa waɗansu ƙwararrun malamai masu yawo, kowa da 'yan makarantunsa, ya je ya zauna a aji ya ga yadda malami ke yi, ya gyara masa. A tsakiyar wannan aiki, ran 1 ga Janairu 1973, aka sauya kuɗi zuwa naira da kwabo, kwabo 100 naira guda, aka hutar da yara daga 12 da 20. Da an bar abin ya yi saiwa, da watakila labari ya sha bamban. Amma a watan Satumba 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara kamar miliyan biyu da dubu ɗari uku za su shiga aji ɗaya a ƙasa duka, sai ga wajen miliyan uku. Aka ɗebo malamai da gaggawa, waɗansu horon 'yan watanni kaɗai suka samu, aka cika azuzuwa har ƙarƙashin itatuwa. Ba wanda zai ce buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa kuskure ne. Amma malamin da ke gaban yara tamanin ba ya raba tsakuwa, don in ya raba ba zai ga hannun kowa ba, waƙa ita kaɗai ke riƙe masa aji. Haka aka koma gidan jiya.

Sai bayan shekaru kamar arba'in maganar ta sake tasowa, da aka yi ta gwada yara ana samun 'yan aji biyar da shida da yawa waɗanda ba su iya ɗebe lamba biyu daga lamba biyu ba. Daga 2015 aka yi wani shiri mai suna RANA a jihohin Katsina da Zamfara, na koyar da karatu da ƙirga da Hausa a ƙananan azuzuwa. A Kano kuma daga 2019 aka gwada wata hanya a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, hanyar da wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham ta tsara, ta kuma bazu zuwa ƙasashen Afirka. Annobar korona ta 2020 ta rufe makarantu a tsakiyar gwajin, har aka koma koyarwa ta rediyo kafin a buɗe.

Ga yadda hanyar ta ke. Da fari a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga inda ya tsaya: wani bai san lamba ba, wani ya san ɗaya zuwa tara, wani ya san har 99 amma bai iya ɗebewa ba. Sa'an nan a ajiye maganar aji da shekaru na ɗan lokaci kowace rana, a tara waɗanda suka tsaya wuri ɗaya, su zauna a ƙasa ƙungiya ƙungiya, a zuba musu tsinkaye. Doka ɗaya ce: tsinke in ya kai goma a ɗaure shi ya zama dami. Saboda haka 42 dami huɗu ne da tsinke biyu. In aka ce a ɗebe 17, yaro zai duba ya ga tsinke biyu ba za su ba da bakwai ba. Ba sai an gaya masa ba, zai kwance dami guda, tsinkayensa su zama 12, damunansa su koma uku. Ya ɗebe bakwai saura biyar, ya ɗebe dami guda saura biyu, ga 25 a gabansa. Bayan ya yi haka sau da yawa sa'an nan a nuna masa yadda a ke rubuta shi. A allo mu aka koya mana mu ce mun ari ɗaya, kalmar da ta rikita yara da yawa, gama aro a kan mayar, wannan kuwa ba a mayar da kome. Kwance dami shi ne ainihin abin da ya faru.

Mai karatu ya riga ya gane su. Zaman 'yan kaɗan a ƙasa ana ganin hannun juna, na masu ƙirgar wuri ne a Tasawa. Duban inda yaro ya kai maimakon shekarunsa, na makarantar allo ne. Dami kuwa ba sai an fassara wa ɗan Musawa ba. Ba na faɗin haka don in rage wa mutanen Indiya kome. Su ne suka tsara abin daki daki, suka gwada shi a kan dubban yara, suka rubuta sakamako, mu kuwa muna da shi a hannu ba mu taɓa ɗaukarsa abin kai wa makaranta ba.

Abin da tarihin nan ya nuna sau biyu shi ne kayan aiki ba su taɓa zama matsala ba. A ce aji na da yara 40, an raba su biyar biyar, ƙungiya takwas ke nan. Kowace ƙungiya in ta sami tsinke 100 ta wadatu, duka 800. Karan dawa na kunya biyu ko uku, in aka tsaga aka yanka tsawon ɗan yatsa, ya isa, a ɗaure da kaba ko tsumma. Abin da ya kashe gyaran shekarun 1970 yawan yara ne a gaban malami ɗaya, da janyewar masu zagawa suna duba shi sa'ad da kuɗin taimako ya ƙare. Wannan kuwa magana ce ta hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da ta jiha, da iyayen da ke cikin kwamitin makaranta, waɗanda ya kamata in sun je su tambayi yara nawa ke gaban kowane malami, da ranar da mai duba makarantu ya zo na ƙarshe. Kafin nan, uban da ya fito daga ajin manya yana iya gwada ɗansa da kansa bayan sallar la'asar: ya ɗaura dami huɗu, ya ajiye tsinke biyu a gefe, ya ce masa ya ba shi 17, ya zuba ido ya ga ko zai kai hannu ga igiyar.